Hanya Kafin Otal: Abin da Daura Za Ta Koya Daga Ƙasashen Tsibiri

A ƙasar Ayislan, wani tsibiri can arewacin Tekun Atilantika, akwai hanyar mota guda ɗaya da ta kewaye ƙasar ta dawo inda ta faro. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 1,300. A 1974 aka haɗe bakinta, kuma sai a 2019 aka gama malala mata kwalta gaba ɗaya, har yau ma akwai gadojin da mota ɗaya kawai ke iya bi a lokaci guda. Amma wannan hanya ita ce ƙashin bayan sana'ar da ta taimaka wajen ɗago ƙasar bayan bankunanta sun durƙushe a 2008. A 2010 baƙin da suka shiga Ayislan ba su cika rabin miliyan ba. Zuwa 2018 sun haura miliyan 2, alhali 'yan ƙasar duka ba su kai 400,000 ba. Da yawa daga cikin waɗannan baƙi matasa ne masu jakar goyo, waɗanda ke haɗa kuɗi su ɗauki hayar ƙaramar mota, su kwana a tanti ko a ɗakin haɗaka, su yi mako guda ko kwana goma suna tsayawa a bakin magangarar ruwa, da gindin dutse mai aman wuta, da ƙauyukan masunta, har su dawo Rekyabik, babban birnin ƙasar.

Daura ba tsibiri ba ce, kuma tsakaninta da teku akwai tafiyar fiye da kilomita dubu. Duk da haka a ganina babu masarauta a ƙasar Hausa da ta fi ta bukatar nazarin wannan labari. Shekara da shekaru ana maganar mayar da Daura cibiyar yawon buɗe ido, kuma kusan duk wanda ya buɗe baki yakan fara ne da ƙaton otal, ko gagarumin biki da za a gayyato jakadun ƙasashe. Wannan fara gini ne daga rufi. Abin da zai kawo wa Daura baƙi na dindindin, kuɗinsu kuma ya shiga aljihun talaka, shi ne a tsara zagaye da matafiyi mai ƙaramin ƙarfi zai iya bi da motar haya cikin kwana uku ko huɗu, ya san inda zai kwana, ya san abin da zai biya, ya kuma sami mai yi masa bayani na gaskiya. Masarautar tana da zagayen a ƙasa tuntuni, tsara shi ne ba a yi ba.

Abin da tsibirai suka gane

Amfanin tsibiri ga matafiyi shi ne yana da iyaka da ido ke iya gani a taswira. Mutum zai duba ya ce daga nan zan tashi, ta nan zan bi, nan zan dawo, ya lissafa guzurinsa tun yana gida. Ƙasashen da suka ci moriyar wannan sun ɗora masa abubuwa uku: hanya sananniya, masauki mai araha, da bayani wadatacce. A Niyu Zilan, hukumar kula da dazuzzuka da namun daji da aka kafa a 1987 tana riƙe da bukkokin kwana fiye da 950 a cikin duwatsu da dazuzzuka. Yawancinsu gadaje ne kawai da tankin ruwan sama da makewayi, ba wuta ba mai hidima, amma an san inda kowace take da kuɗin kwana a cikinta. A 2011 ƙasar ta buɗe wata hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 3,000 da ta ratsa manyan tsibiranta biyu daga arewa zuwa kudu. Tana kuma bai wa matasan wasu ƙasashe takardar izinin yawo da aiki, don haka mai jakar goyo yakan tsaya ya yi aikin tsinkar 'ya'yan itace na 'yan makonni, ya tara guzuri, ya ƙara gaba.

Idan aka juyo Daura, irin baƙon da ta saba gani daban ne. A shekaru takwas na mulkin Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, garin ya ga ayarin motocin gwamnoni da ministoci kusan kowace Sallah. Ranar 15 ga Yuli, 2025, da aka binne shi a gidansa, Shugaba Bola Tinubu da manyan baƙi daga ciki da wajen Najeriya sun cika garin. Amma irin wannan baƙo yakan sauka ne a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ya yi tafiyar kilomita 80 ko makamancin haka cikin jiniya, ya gaisa, ya juya kafin magariba. Haka ɗaliban da ake kawowa ziyarar Kusugu a motar makaranta: awa biyu, hoto, sai gida. Daura ta saba da baƙon wuni, shi kuwa baƙon wuni ba ya barin komai sai ƙura. Baƙon da ke amfanar gari shi ne mai kwana, wanda zai ci tuwon dare, ya sha kunun safe, ya hau babur, ya kai wanki, ya sayi tsaraba.

Zagayen da ke ƙasa

Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Mai'aduwa, Zango, Baure da Sandamu, kuma zamansu kusa da juna ya sa ana iya zagaya su ba tare da doguwar tafiya ba. Wunin farko na cikin birni ne. Rijiyar Kusugu tana cikin wani gini a tsakiyar gari, kuma har yau tana ba da ruwa: mai kula da ita yakan zura guga, ya jawo, ya miƙa wa baƙo ya kurɓa, wasu ma su cika gora su tafi da shi gida. A nan ne ake ba da labarin macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da Bayajida da ya sare masa kai, da Magajiya Daurama da ta aure shi, da ɗansu Bawo wanda 'ya'yansa suka zama sarakunan Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, sannan Biram ta cike Hausa Bakwai. Daga rijiyar zuwa fada tafiyar ƙafa ce, kuma ginin fadar kansa darasi ne kan fasahar maginan Hausa, da soraye da bakan gizo da zanen bango. Sarki Abdurrahman ya yi shekara 55 a cikinta, daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar ya gaje shi har 2007, sannan Sarki Umar Faruk Umar. Wanda ya dace da lokacin Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal, ko Hawan Magajiya bayan Sallah, zai ga sarauta a kan doki. Wanda bai dace ba, maƙera da dukawa da majema suna bakin aikinsu kowace rana.

Wuni na biyu ya kamata ya faɗo ranar Lahadi, domin ranar ce kasuwar Mai'aduwa ke ci. Tun hantsi kara take cika da dabbobin da aka koro daga Nijar da ƙauyukan kewaye: fararen bunaji, jajayen rahaji masu dogayen ƙahoni, raƙuma a durƙushe an ɗaure musu gwiwa, tumaki uda masu rabin jiki baƙi rabi fari. Dillali zai kama hannun mai saye, mai dabba yana ta cewa albarka, ana ƙara taya, har a kai inda zai ce ya sallama, a ware la'ada, yara su ja saniya zuwa inda tireloli ke jiran lodin Legas da Fatakwal. Hausa da Fulatanci da Buzanci duk suna tashi a wuri ɗaya, naira da sefa suna canza hannu a gindin bishiya. Bamai'aduwe ba zai ga abin kallo a nan ba, don a ciki ya tashi. Amma ɗalibin da ya girma a Kaduna ko Abuja, wanda bai taɓa sanin ta inda naman miyarsu ke fitowa ba, zai koyi tattalin arziki a wuni ɗaya fiye da abin da ya karanta a zangon karatu guda. Kafin la'asar zai iya leƙa madatsar ruwa ta Sabke, ko ya ƙarasa Kwangwalam ya tsaya a bakin iyaka yana hangen Maimujiya.

Wuni na uku na tarihin da ba a cika bayarwa ba ne. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, kuma zuriyar gidan ba ta watse ba. Ta kafa sarauta a Zango wajen 1825, wani reshe kuma ya zauna a Baure, har aka wayi gari da Daura uku a lokaci ɗaya, biyu daga ciki suna jingine da Damagaram. Da Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasar a farkon ƙarni na 20, sai Ingilishi suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon kakanninsa, wani yanki na tsohuwar ƙasar kuma, wajen Magarya, ya faɗa hannun Faransa. Wannan ne ya sa Daura ta fita daban a tsakanin manyan masarautun da jihadi ya ci, domin tsohon gidan sarautar Hausa ya dawo mulki. Masanin nan M. G. Smith ya rubuta littafi sukutum a kan al'amarin, aka buga a 1978, amma matafiyin da ya bi hanyar Daura zuwa Zango, ya wuce Baure, ya taɓa kasuwar Babban Mutum, ya dawo ta Sandamu, da ƙafarsa zai taka labarin. A kan hanyar kuma zai ga gonakin gero da gawo ya yi musu rumfa, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya kuma yi kore shar da rani lokacin da komai ya bushe.

Akwai kuma babban zagaye ga mai mako guda. Daga Kano a bi ta Ɗambatta da Kazaure mai duwatsu a shigo Daura, a ƙetare ta Kwangwalam zuwa Matamaye, a isa Damagaram, wadda ta riƙe matsayin babban birnin Nijar ta mulkin mallaka har 1926, a ga fadar sarki da tsohuwar unguwar Birni da manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su. Daga nan a yi yamma ta Tasawa zuwa Maradi, a gangaro Katsina a ga hasumiyar Gobarau, a koma Kano. Duka tafiyar ba ta kai kilomita 800 ba, wato kaɗan ta haura rabin hanyar Ayislan, kuma daga farko har ƙarshe harshe ɗaya ake ciniki da shi. A yankin Matamaye da Magarya da Mirya ne manoma suka farfaɗo da miliyoyin itatuwa tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon da ya fito a gona ya girma, aikin da masana daga ƙasashe da dama ke zuwa gani.

Abin da masu ja za su ce

Na farko zai ce Ayislan tana da ƙanƙara da duwatsu masu aman wuta, Niyu Zilan tana da tafkuna da tsaunuka, mu kuwa sai rairayi da zafin rana. Gaskiya ne ba mu da abin da suke da shi, amma kyan ƙasa a idon baƙo yake. Mutumin da ya tashi a Anaca ko Kalaba, inda daji ke rufe sama, buɗaɗɗen fili da kuka da giginya da ayarin raƙuma sabon abu ne a wurinsa, kamar yadda teku take sabon abu ga Badauri. Kuma ba kowane matafiyi ne ke neman shimfiɗar ƙasa ba. Dubban mutane na bin hanyar Santiyago a ƙasar Sifen da ƙafa kowace shekara, wani dogon ɓangarenta kuwa fili ne fetal na gonakin alkama, tarihi da jama'ar hanya ne ke jan su. Zafi kuwa maganinsa sanin lokaci. Daga ƙarshen damina, sa'ad da gero ya yi kai ƙasa ta yi kore, har zuwa ƙarshen hunturu a watan Fabrairu, akwai wajen wata biyar na tafiya mai daɗi. Babu mai hankalin da zai gayyaci baƙo a watan Afrilu, kamar yadda yawancin masu zagaya Ayislan ba sa zuwa a tsakiyar sanyin da dare ke cinye wuni.

Na biyu, kuma shi ne mai nauyi, zai ce wa zai ɗauki jaka ya nufi jihar Katsina a wannan zamani? Ba a manta da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disambar 2020 ba, Daura kanta ta ga sace Magajin Gari a watan Mayun 2019, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Wanda ya ce babu matsala ya yi ƙarya, ƙarya kuwa ita ce abin da ya fi saurin kashe wannan sana'a. Sai dai duk mai bin labarai ya san ta'asar 'yan bindiga ta fi ƙamari a yamma da kudancin jihar, a Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, waɗanda ke kusa da dajin Rugu da iyakar Zamfara, yayin da ƙasar Daura, can gabas, ta fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Siri Lanka ta shafe shekara 26 tana yaƙin basasa a arewa da gabashinta, amma baƙi ba su daina zuwa kudu da tsaunukan shayi ba, saboda an san inda ake zuwa da inda ba a zuwa. Da yaƙin ya ƙare a 2009, baƙinta suka tashi daga ƙasa da rabin miliyan zuwa fiye da miliyan 2 a 2018. Darasin shi ne a faɗa wa matafiyi gaskiya hanya-hanya: wannan ana bi, wannan sai da rana, wannan a haƙura da ita tukuna. A babban zagayen da na ambata, ɓangaren Maradi zuwa Katsina ta Jibiya yana cikin waɗanda dole a yi wa wannan gargaɗi, kuma ƙaramin zagayen masarautar bai bi ta can ba.

Na uku zai ce mai jakar goyo matsiyaci ne, me za a samu a jikinsa? A lissafin wuni ɗaya, babu shakka attajiri ya fi shi kashe kuɗi. Amma a duba inda kuɗin ke sauka. Na babban baƙo yana tafiya ne ga kamfanin jirgi, da otal ɗin da mai shi ke zaune a Abuja, da abincin da aka yo odarsa daga wani gari. Na ƙaramin baƙo kuwa yana faɗawa hannun direban tasha, da ɗan acaɓa, da mai shayi, da mai fura, da mai ƙosai, da baduku mai ɗinka jaka, da matar da ta gyara ɗaki ta shimfiɗa zanen gado. Na farko ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, ya zuba ya gangare kwari, na biyu yayyafi ne da ke ratsa ƙasa. Ban da haka, ɗalibin da ya kwana a ɗakin naira kaɗan yau, shi ne zai dawo da iyalinsa bayan shekara goma yana neman ɗaki mai sanyi, kuma hotunan da ya ɗora a TikTok da Facebook talla ce da gwamnati ba ta biya ko kwabo ba.

Na huɗu zai kawo batun tarbiyya. A wurin Bahaushe yawon da ba na fatauci ba, ba na neman ilimi ba, ba na zumunci ba, yawon duniya ne, kuma ana tsoron baƙi su shigo da shigar banza da shaye-shaye. Wannan damuwa tana da tushe, an ga yadda wasu garuruwan bakin teku a duniya suka lalace ta wannan hanya. Amma gari ne ke gindaya sharaɗi ga baƙonsa, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake yi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu da jagaba, suna da zangon da suka san za su sauka, a kowane gari kuma akwai fatoma da ke ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya kuma ɗauki alhakinsu a gaban sarki. Alhazan ƙasa sun yi shekaru a hanyar Makka ta Chadi da Sudan, suna aiki suna ƙara gaba, almajiri da gafakarsa ya ratsa daga Sakkwato zuwa Barno. Tafiya mabuɗin ilimi karin maganarmu ce, ba aro muka yi ba. Labarin kafuwar Daura kansa labarin matafiyi ne da ya iso da dare, wata tsohuwa mai suna Ayana ta ba shi masauki. Garin da ke alfahari da wannan labari bai kamata ya ji tsoron saurayi mai jaka a baya ba, matuƙar an san sunansa, an san mai masaukinsa, an kuma gaya masa abin da gari ya yarda da shi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar wane ne baƙon. Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne hangen Bature mai dala, alhali shi ne zai zo a ƙarshe, in ma ya zo. Baƙon farko yana kusa: ɗaliban Jami'ar Bayero da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-ma, masu yi wa ƙasa hidima da ke zaman shekara guda a jihohin Arewa, ma'aikatan da ke neman inda za su kai yara a hutu, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da ke cikin Daurar kanta, waɗanda suka zo daga sassan ƙasar nan. Bayansu akwai Hausawan zango na Kumasi da Akara, da na Kamaru da Chadi da Sudan, waɗanda tun suna yara ake gaya musu cewa Daura ce tushen Hausa. Gana ta nuna ƙarfin wannan irin kira a 2019, lokacin da ta gayyaci jikokin bayin da aka kwashe zuwa Amurka su zo su ga ƙasar kakanninsu. Tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ta rage masu fita da motar kansu, amma hujja ce a gina tsarin a kan motar tasha da tafiyar rukuni. Iyakar Nijar kuwa an rufe ta a Agustan 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijar ta kuma fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Shi ya sa hikima ita ce a fara da zagayen da ke cikin gida, wanda ba ya jiran sulhun Abuja da Yamai.

Aikin da ya rage

Abin da ake bukata bai kai kuɗin hawa ɗaya na otal ba. A buga taswirar zagayen da Hausa da Turanci, da ranakun kasuwanni, da tashar da ake hawa motar kowane gari, a kuma sa ta a intanet. A kafa allon farashi a ƙofar Kusugu da duk wurin ziyara, a ba da rasit, don baƙo ya daina jin cewa fuskarsa ake kallo kafin a yanka masa kuɗi. A gina makewayi mai tsabta da wurin alwala a kowace matsaya, a kuma ɗauki mai share shi, domin ginawa ba ta taɓa yi mana wuya ba, kulawa ce ke gagarar mu. A farfaɗo da aikin fatoma: hakimai da masu unguwa su tantance gidajen da ke son karɓar baƙi, a ware na mata daban, a riƙa rubuta sunan duk wanda ya sauka. Ɗakunan kwanan ɗalibai da ke zama a kulle lokacin hutu suna iya karɓar rukunin matasa a kan kuɗi kaɗan. A horar da samari da 'yan mata masu rakiya a Kwalejin Yusuf Bala Usman, su iya ba da labarin Bayajida yadda kakanni suka bayar, su kuma iya faɗin cewa masana tarihi suna da saɓani a kansa, domin baƙo mai ilimi ya fi girmama wanda ya bambance masa tarihin baka da abin da aka tabbatar. Sannan a zauna da jami'an da ke shingayen hanya, don motar da ta ɗauko ɗalibai kada ta riƙa tsayuwar ciniki a kowane shinge.

Ya kamata kuma a koyi kuskuren tsibiran tun kafin a faɗa cikinsa. Da baƙi suka yi wa Ayislan yawa, sai aka fara kuka da masu kwana a gonakin mutane da masu bahaya a bakin hanya, har a 2015 ƙasar ta tsaurara dokar kwana a mota a wajen wuraren da aka keɓe. Niyu Zilan ta yi tata dokar a 2011, a 2019 kuma ta ɗora wa baƙi harajin dalarta 35 don kula da muhalli, ta ɗaga shi zuwa 100 a 2024. A Daura abin da za a tsare ya fi ciyawa da dutse tsada, wato mutuncin mutane. Ba a ɗaukar hoton matar aure ko almajiri ba da izini ba, ba a kutsa kai cikin gida, ba a raba wa yara kuɗi a titi har a koya musu roƙo. Wani kaso na kuɗin shiga kuma ya riƙa komawa ga gyaran gine-ginen ƙasa, waɗanda kowace damina ke ci, a kuma bayyana wa jama'a nawa aka tara da inda aka kashe.

Lokacin yin wannan aiki yana da iyaka. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Ranar da jirgin ya fara aiki, dubban mutane za su riƙa ratsa Daura kowane mako, kuma jirgi yana iya cika gari da baƙi, yana kuma iya mayar da shi wurin da ake leƙe ta taga. Fasinja zai sauka ne kawai idan ya san akwai inda zai kwana, da abin da zai gani gobe, da motar da za ta kai shi Mai'aduwa ranar Lahadi. Majalisar masarauta da shugabannin ƙananan hukumomi biyar da hukumar tarihi da al'adu ta jihar Katsina suna iya tsara wannan a hunturu ɗaya, su gwada shi da rukunin ɗalibai daga makarantun da ke kusa, su gyara abin da bai yi ba kafin hunturu na gaba. Mai kuɗin gina otal zai zo da kansa idan ya ga ana neman ɗaki ba a samu.